In Kifi Ya Kwana a Rumbu: Hujjar Wasan Ishara a Makaranta

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji a kwalejin Madarunfa, ko a wani lise na birnin Maraɗi, ya san wani irin shiru. An karanta jimla mai harshen damo, an tambayi yara abin da take nufi, sai kowa ya sunkuyar da kai yana jiran mushe ya faɗi amsa a kwafe a littafi. Waɗannan yaran kuwa su ne a dandali ke warware kacici-kacici kafin mai yinsa ya rufe baki, su ne ke gane habaicin kishiyar uwa tun daga yadda ta ja numfashi. Basirar tana nan. Makaranta ce ta koya musu cewa kowace magana ma'ana ɗaya gare ta, ma'anar kuma tana hannun wanda ke tsaye da alli.

Wanda aka yi wa wannan tarbiyya, ran da ya bar aji, duk wanda ya fi shi murya ya zama mushensa: mai duba a bakin kasuwa, ɗan siyasa a kan mota, ko saƙon da ya shigo wayarsa ta WhatsApp yana ba shi labarin abin da zai faru a wata mai kamawa. Akwai wani wasa da zai iya rage wannan cuta, kuma tun bai shigo ƙasar Hausa sosai ba an san irin duwatsun da za a jefe shi da su. Wasu za su ce duba ne, wasu caca, wasu kuma su ce shirmen Nasara ne. Duka ukun suna da amsa, kuma ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su riƙe amsar tun kafin a fara jifa.

Yadda wasan yake

Faransawa suna kiransa jeu de rôle. A Hausa ana iya ce masa kwaikwayon zaune, domin wasan kwaikwayo ne da ba ya bukatar dandamali ko ƴan kallo. Mutum huɗu zuwa shida suna zaune, ɗayansu shi ne mai jan labari. Shi ke bayyana gari da daji da mutanen da ke ciki. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya, ya ba shi suna da sana'a da hali, ya riƙa faɗin abin da mutumin nan zai yi. Mai jan labari ya faɗi abin da ya biyo baya. Babu rubutaccen ƙarshe, abin da ƴan wasa suka zaɓa shi ke tuƙa labarin. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, duniyarsa cike da dodanni da matsafa da jarumai, kusan irin duniyar Gandoki na Bello Kagara ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

A cikin dabarun mai jan labari akwai wadda ta fi kowace amfani ga malami. Yakan sa wani tsoho ko wani rubutu da aka tono ya faɗi magana a dunƙule game da abin da ke tafe, sa'an nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Ƴan wasa su ne za su yi ta gardama a kan ma'anarta, su yanke shawara, su ɗauki mataki, su kuma kwashi sakamakon fassararsu.

Tun a nan ya kamata a gyara wata kalma, don rabin rigimar daga fassara take tasowa. Littattafan wasan na Faransanci suna cewa prophétie, wanda ya buɗe ƙamus kuma sai ya ce annabci. Kuskure ne babba. A Hausa annabci na Annabawan Allah ne, an kuma rufe ƙofarsa. Abin da ke cikin wasan ba wahayi ba ne, bai kuma kai ko matsayin duba ko arwa ko bugun ƙasa ba, tun da waɗannan duka suna da'awar sanin gaibu. Jimla ce da wani yaro ko malaminsa ya ƙirƙira jiya da dare, kowa a wurin kuma ya san haka. Sunan da ya dace da ita ishara, wato magana mai nuni wadda ba ta fito fili ba.

Abin da ke faruwa a kan tabarma

A ɗauka ɗalibai biyar ne da malaminsu. Labarin yana faruwa a wani ƙirƙirarren gari a bakin tabki, irin garuruwan da kowane ɗan Madarunfa ya sani. Ɗaya masunci ne, ɗaya falke mai sayen hatsi, ɗaya ungozoma, ɗaya makiyayi, ɗaya kuma ɗan mai gari. Mai jan labari ya ce wata tsohuwa ta rasu, kafin ta cika ta bar magana: shekarar da kifi ya kwana a rumbu, mai ɗaya zai ciyar da mai ɗari.

Masunci zai ce albishir ne, kifi zai yi yawa har a rasa wurin ajiya. Ungozoma za ta ce ambaliya ce, ruwa zai shiga rumbuna da kifinsa, a gaggauta ɗauke hatsi zuwa tudu. Ba tatsuniya take yi ba, domin a 1945 gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke fadama, dole aka sake gina shi a kan tudu. Makiyayi zai ce fari ne: tabki zai janye, a kwashe kifi a banɗare, a zuba shi a rumbun da babu hatsi a ciki. Falke zai goyi bayan makiyayi da ƙarfinsa, ba don ya fi yarda da shi ba, sai don in tsoron yunwa ya kama gari, tiyar hatsin da ya ɓoye za ta yi tsada. Ɗan mai gari kuwa rabin maganar na biyu ne ya hana shi barci, domin in mai ɗaya zai ciyar da mai ɗari, to gidan sarauta ne zai yi bara.

A cikin rabin awa yaran nan sun taɓo abubuwan da darasin nazarin rubutu ke shekara bai kai gare su ba. Sun ga jimla ɗaya tana ɗaukar ma'ana uku masu karo da juna. Sun ga kowane mai fassara yana jan ma'ana zuwa inda tuwonsa yake. In suka bi falke, kowa ya ruga sayen hatsi, farashi ya tashi, talaka ya kasa saye, za su ga yunwar ta zo alhali damina ba ta yi laifin komai ba: tsoron maganar ne ya haifi abin da maganar ta faɗa. In kuma shekara ta wuce lafiya, wani a cikinsu zai ce ai kifin da aka ajiye a rumbun liman ran biki shi ne ake nufi, sai su gane cewa magana in ta dunƙule sosai, babu abin da zai faru a rasa yadda za a ce ta cika. A ƙarshe wani zai yi tambayar da ta fi duka: wa ya ji tsohuwar da kunnensa? Sai a tarar falke ne kaɗai yake ɗakin.

Yaron da ya taɓa yin wannan tambaya a kan tabarma, yana dariya, zai iya yin ta wata rana a inda babu dariya.

Tarihi ya riga ya buga wannan wasa

Masu ganin wannan duka wasan yara ne su duba abin da fassarar ishara ta jawo wa manya. Herodot ya kawo labarin Kirezus sarkin Lidiya, wanda matsafar Delfi ta gaya masa in ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula. Ya ji abin da yake so ya ji, ya fita yaƙi, daular da ta rushe tasa ce. Mutanen Atina kuwa, da aka ce musu katangar itace ce za ta tsirar da su, sai suka zauna suka yi gardama a bainar jama'a. Wasu suka ce tsohon shingen da ke kan dutsen birni ake nufi, Temistokal ya ce jiragen ruwa ne. Waɗanda suka fake a bayan shinge aka hallaka su, jiragen kuma suka ci yaƙin Salamin a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa. Bambancin Kirezus da Atinawa shi ne ɗaya ya fassara shi kaɗai a cikin fadawa masu cewa ranka ya daɗe, ɗayan kuma an bar kowa ya kawo hujjarsa.

Ba sai an je Girka ba. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Barbushe, mai tsafin Tsumburbura a gindin Dala, ya gaya wa mutanensa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, sai ga Bagauda. Ɗalibi mai haddar darasi zai rubuta wannan ya wuce. Wanda ya saba da wasan ishara zai lura cewa littafin ya kammala ne a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake ba da labari, a fadar waɗanda suka gaji mulkin. Ishara da aka rubuta bayan an ga ƙarshen labari ba ta taɓa kuskure.

Misalin da ya fi nauyi shi ne na Mahadi. A ƙarni na 19 magana ta bazu a daular Sakkwato cewa jama'a za ta yi hijira zuwa gabas ta tarye shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya rubuta cewa shi ba Mahadi ba ne. Bayan rasuwarsa mutane suka riƙa tashi suna barin gonakinsu, har ƴarsa Maryamu ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana nuna cewa lokacin bai yi ba, alamomin da aka ambata ba su bayyana ba. Wannan malama ba ta ƙaryata maganar mahaifinta ba, ta dai tsaya a kan abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba, ta hana a cusa masa ranar da bai sa ba. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. A ƙarshen 1905 tawayen Kobkitanda ya tashi a ƙasar Dosso, jagoransa makahon malami Alfa Saibu ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda a 1906 aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Babu mai ja da jaruntakarsu ko da zaluncin da ya tunzura su. Amma talakan da ya tunkari bindiga mai ruwa da gatari da fartanya, yana da tabbacin alkawarin ƙarshen zamani ya cika a kansa, fassara ce ta kai shi.

Har yau abin bai mutu ba. Fiye da shekara 100 ke nan wata takarda tana yawo a ƙasashen Musulmi da sunan wasiyyar Shehu Ahmadu mai hidimar kabarin Manzon Allah, tana cewa ya yi mafarki, tashin duniya ya matso, wanda ya kwafe ta ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi masifa za ta same shi. Rashid Rida ya ƙaryata ta a Masar, Ibn Baz ya rubuta raddi a kanta a Saudiyya. Duk da haka ta tashi daga rubutun hannu ta koma fotokofi, ta tashi daga fotokofi ta shiga waya, kuma waɗanda ke tura ta har da masu takardar BAC. Makarantar da ta ba su takardar ba ta taɓa sa su tambayi wata takarda wa ya rubuta ta ba.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wato a ga alama ta gaskiya a ƙi karanta ta. A watan Nuwamba na 2004, bayan fara da ƙarancin ruwa, gwamnatin Nijar ta sanar da giɓin cimaka na kimanin tan 223,000. Alƙalumman sun nuna giɓin ya fi tsanani a arewa, sai aka ɗauka kudancin Maraɗi, rumbun ƙasa, yana cikin rufin asiri. Amma farashin hatsi ya ninka a kasuwanni, magidantan da suka sayar da amfaninsu da kaka don biyan bashi suka kasa saye da bazara. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi, Madarunfa kuma tana cikin inda abin ya fi muni. A wannan karon kifi bai kwana a rumbu ba, hatsi ne ya kwana a kasuwa yara suna mutuwa a kusa da shi. Kowace shekara cibiyar Agrhymet da ke Yamai da takwarorinta suna fitar da hasashen damina, suna cewa a wani yanki mai faɗi ruwa ya fi yiwuwa ya zarce yadda aka saba, ko ya daidaita, ko ya gaza. Kafin maganar ta iso ƙauye ta zama wai an ce bana damina za ta yi kyau. Tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji akwai irin shuka da bashi da abincin yara. Annabi Yusufu, da aka kawo masa mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, bai tsaya ga fassara ba, sai da ya haɗa ta da shawarar ajiye hatsi a zangarniyarsa.

Amsa ga masu jifa

Mai cewa duba ne yana da dalilin tsoro. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Amma laifin mai zuwa wurin boka shi ne ya gaskata cewa wani mahaluki ya san gobe. A kwaikwayon zaune babu wanda ya gaskata komai. Wanda ya ƙaga isharar yana zaune a wurin, gobe ma wani ne zai ƙaga tasa. Yaron da ya taɓa zama mai jan labari, ya ga da idonsa yadda ake dunƙule magana don ta dace da duk abin da ya faru, ya riga ya leƙa cikin jakar boka ya ga babu komai sai wayo. Da wuya a sake sayar masa da wannan haja. Malamin da ke wa'azi a kan duba ya kamata ya fi kowa murna da haka. Hausawa kuma sun daɗe da sanin yadda ake shata iyaka tsakanin ƙirƙira da gaskiya: tatsuniya tana buɗewa da gatanan gatananku, tana rufewa da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da aka yi. Babu wanda ya taɓa zargin kakarsa da shirka don ta ce kura ta yi magana.

Mai cewa caca ce ya fi kusa da gaskiya, bai kuma kamata a yi masa gatse ba. Wasannin Turai suna amfani da ƙwayar lido don yanke abin da ya rataya a kan sa'a, akwai kuma hadisi mai tsanani a kan wasan nardu, wanda da irin wannan ƙwaya ake yinsa. A ƙasar da jefa wuri yake nufin caca ko duba, shigo da ƙwaya cikin aji neman fitina ne. Sai dai wasan ba ya mutuwa in an cire ta. Ana iya rubuta sakamako a ƴan takardu a ja ƙuri'a, wadda Manzon Allah da kansa yake yi tsakanin matansa in zai yi tafiya, ana kuma iya barin mai jan labari ya yanke bisa ƙarfin hujjar ɗan wasa. Babu kuɗi, babu ci, babu wanda ya tashi da kayan wani.

Kafin a ɗora wa wasa laifin da bai yi ba, a tuna da abin da ya faru a inda aka yi gaggawa. A Amurka, cikin shekarun 1980, wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta kafa ƙungiya tana zargin Dungeons & Dragons da koyar da bautar Shaiɗan. Kotu ta yi watsi da ƙararrakinta, bincike kuma bai tabbatar da zargin ba. A Faransa, da aka tone maƙabartar Yahudawa ta Karpantaras a watan Mayu na 1990, jita-jita ta shekara da shekaru tana nuna ƴaƴan manyan gari masu wannan wasa, har a talabijin. A 1996 ɗaya daga cikin masu laifin ya kai kansa ga hukuma, aka tarar ƴan wariyar launin fata ne masu ra'ayin Nazi. Waɗanda suka zargi wasan sun yi abin da wasan ke horar da yara su daina: sun ga alama, sun ba ta ma'anar da ta dace da tsoronsu. A ƙasar Danmak kuwa, a garin Hobro, tun 2006 akwai makarantar kwana mai suna Østerskov wadda da irin wannan wasa take koyar da darussanta.

Saura mai cewa baƙon abu ne. Wannan shi ya fi ban mamaki in ya fito daga bakin ɗan ƙungiyar al'adu. Mene ne tashe, in ba yara sun shiga siffar wasu suna wasa da azumi ba? A kalankuwa samari suna naɗa sarki da alƙali da dogarai bayan kaka su yi mulkin kwana kaɗan. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsa. A Damagaram wasan kara yana kwaikwayon mahukunta da kayan karan hatsi. A zamanin samariya teyatur na Hausa ya bunƙasa a Nijar, su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, suna tsara labari tare kowa ya cika maganarsa da bakinsa ba tare da rubutacciyar hadda ba. Kacici-kacici kuwa makarantar fassara ce sukutum, har da tarar ba da gari ga wanda ya kasa. Ko sauraron ishara a taron jama'a ba baƙo ba ne: a bikin buɗin daji, wanda Guy Nicolas ya yi nazarinsa a kwarin Maraɗi, da arwar Masalata kusa da Ƙonni, ana faɗin yadda shekara za ta kasance, jama'a su koma gida suna tattauna abin da aka ji. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne ƙa'ida a rubuce da barin ƙarshen labari a hannun ƴan wasa. Sauran duka kayan gida ne.

Iyaka da aiki

Wasan yana da iyakar da ba a tsallakewa. Ba a sa Annabawa ko ayoyin Alƙur'ani ko alamomin tashin ƙiyama a cikinsa. Kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin Madarunfa, waɗanda Nijar ta gabatar wa UNESCO tare da tabkin da dajinsa a 2006, wurin ziyara ne ga masu ziyara, ba kayan wasa ba. Ba a sa sunan sarki mai rai ko gidan da aka sani. Ƙirƙirarren gari da ƙirƙirarriyar tsohuwa sun isa, kuma sun fi ba yara ƴancin yin gardama ba tare da tsoron taka wani ba.

Abin da ya rage laifin na gida ne. Malamai za su ce aji ya cika maƙil, manhaja ta yi tsawo, jarrabawar BEPC tana tafe. Gaskiya ne. Amma ajin da ke da yara da yawa ana iya raba shi rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki mutum ɗaya na labarin ya tsaya masa. Awa ɗaya a mako ta isa, kayan aikin kuma allo ne da alli. Wanda ya koyi kare fassararsa da hujja daga cikin jimla, ya kuma saurari wadda ta saɓa mata, shi ne zai iya sharhin rubutu a jarrabawa, da Faransanci ko da Hausa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. In duk abin da za a yi da wannan matsayi shi ne a fassara haddar Faransanci zuwa haddar Hausa, to an canza wa jaki akumari ne kawai. Harshen da ke da habaici da zaurance da karin magana da kirari ya cancanci a koyar da gardama a cikinsa.

Ƙungiyoyin al'adu su ma su dubi kansu. Da yawa sun mayar da al'ada rawa da kalangu a gaban baƙi, a yi tafi, a raba goro, a watse. Gidajen matasa da al'adu suna nan, galibi shiru sai ran biki. Tsofaffin da suka san labarin Ɗan Kasawa da kafuwar Katsinar Maraɗi, da yaƙe-yaƙen Ɗan Baskore, da hanyoyin fatake, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, alhali abin da ke bakinsu ya isa a gina duniyoyin wasa masu yawa waɗanda babu dodon Turai ko ɗaya a ciki. Aikin ƙungiya ne ta zauna da su, ta rubuta, ta fitar da ɗan littafin ƙa'idoji da Hausa, ta horar da masu jan labari, ta kuma gayyaci limamin unguwa ya zauna ya kalli zama ɗaya kafin jita-jita ta riga ta kai masa labari.

Masu sayar da labarin gobe ba su jiran izinin kowa, kuma suna samun yara a shirye, an riga an koya musu yin shiru a kwafe. Malamin da ya hana ɗalibansa gardama a kan kifin da ya kwana a rumbu, don yana ganin wasa ne, ya sani cewa falke yana nan a bakin ƙofar makaranta da tasa fassarar, kuma shi ba wasa ya zo yi ba.